Alamar Ƙasa a Takardar Magini: Tarihin Zanen Ciko Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne ƙwarai, har ma mai yiwuwa ne wasunku sun sa hannu a ƙarƙashinsa sau ɗari ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba. Duk wanda ya taɓa buɗe fulan ɗin gini, na aji ne ko na asibiti ko na shago, ya ga cewa ba a barin cikin bango fari fat. Akan cike shi da 'yan layuka a karkace, ko ɗige-ɗige, ko 'yan kusurwoyi kamar tsakuwa. Waɗannan su nake kira zanen ciko. Aikinsu shi ne su gaya wa mai dubawa abin da za a yi bangon da shi: wannan bulo ne, wannan kankare ne, wancan katako, wancan kuma ƙarfe. Ni malamin harshe ne, ba magini ba, dalilin kuwa da ya sa na shiga gonar da ba tawa ba shi ne zanen ciko rubutu ne, yana da baƙaƙensa da ƙa'idarsa da tarihinsa. A cikin wannan rubutu akwai alamar bulo, akwai ta ƙarfe, akwai ma ta dalma, amma bangon tubali, wanda a inuwarsa aka yanke wa da yawa daga cikinmu cibiya, ba shi da alama. Nufina in bi sawun yadda aka yi haka, da abin da rashin alamar yake jawowa.

Gini kafin takarda

Mu fara da gida. Garin Jega, Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen shekarar 1820, bayan rasuwar mahaifinsa, malamin nan na Gimbana, a 1818. Ba a daɗe ba Jega ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja neman goro da masu gangarawa ƙasar Nufe. Gari irin wannan yana bukatar masallatai da zaurukan fatoma da ɗakunan ajiya da rumbuna, an kuwa gina su duka ba tare da fulan na takarda ba. Kafin wannan da kimanin shekara 300, Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse da jar ƙasa, wadda har yau ragowarta na tsaye.

Fulan ɗin maginin Hausa a ƙasa yake. Da ƙafa da sanda da igiya yake shata shi, mai gida na tsaye yana cewa a ƙara nan, a rage can. Awonsa kamu ne da taki, babban alƙalinsa kuma azara ce, domin azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Neman hanyar ƙetare wannan iyaka shi ya haifar da bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda suka kai matuƙa a hannun Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Irin wannan magini ba ya bukatar alamar da za ta ce masa "ƙasa". Shi ya zaɓo kududdufin da za a haƙo ƙasar, yaransa suka cuɗa ta da ciyawa, suka mulmula tubalin, shi kuma ya hau bango ya jera. Mai tsarawa da mai ginawa mutum ɗaya ne, saboda haka babu saƙon da za a aika.

Kada a ɗauka cewa Bahaushe bai san cike fili da zane ba. Ya sani sarai. Ku dubi yadda mai yaɓe yake jan yatsunsa a kan ɗanyar makuba ya bar bango da sahu-sahun lanƙwasa kamar sawun iska a kan rairayi. Ku dubi cikon da maɗinki yake yi a cikin aska takwas ta babbar riga, ko tsagen da ake cike jikin ƙwarya da shi, ko gidajen da malami yake rarrabawa a allon zayyana ya cike kowanne da launinsa. Ƙasar Gwandu da Sakkwato ba ta yi suna da ƙawata fuskar gida kamar Zariya da Kano da Damagaram ba, amma sawun yatsa a jikin bango ko'ina akwai shi. Sai dai wannan ciko a jikin abin yake, ado ne. Cikon da Turawa suka zo da shi kuwa umurni ne da wani yake aika wa wani wanda ba ya nan.

Inda layukan suka fito

Asalin al'adar ba a wurin magina take ba, a wurin masu buga littattafai take. Manyan gidajen Turai suna da tambura masu launi, maɗaba'ar wancan zamani kuwa baƙi kaɗai take bugawa. A 1638 wani malamin coci a Rum, Silvester Petra Sancta, ya fitar da littafin da ya yaɗa wata dabara: ɗige-ɗige su tsaya a madadin ruwan zinariya, layuka a tsaye su zama ja, a kwance su zama shuɗi, a karkace su zama kore. Ke nan layi ya zama baƙi mai ma'ana, wanda sai wanda ya koya yake iya karantawa. A ƙarshen ƙarni na 18, Gaspard Monge na Faransa ya tsara ilmin nuna abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, laccocinsa na 1795 suka zama ginshiƙin zanen injiniyoyi. Cikin wannan ilmi akwai abin da ake kira zanen yanka, watau a ɗauka an sa wuƙa an raba gini biyu kamar kabewa, a zana abin da ido zai gani. Duk inda wuƙar ta ratsa, nan ake cikewa.

Da farko da launi ake cikewa. Mai zane yakan shafa ja a kan tubalin gasa, ya ba dutse da katako nasu launin. Abin da ya kashe wannan shi ne hanyar kwafe zane da hasken rana, wadda John Herschel ya gano a 1842, ofisoshin injiniyoyi kuma suka rungume ta daga shekarun 1870. Kwafin yakan fito da fararen layuka a kan shuɗiyar takarda, duk wani launi ya ɓace. Tilas aka koma wa dabarar masu tambura. Daga baya hukumar tsayar da ma'aunai ta Ingila ta tattara al'adun ofis-ofis ta mayar da su ƙa'ida: ta injiniyoyi mai lamba 308 ta fito a 1927, ta masu zanen gine-gine mai lamba 1192 ta biyo baya a 1944. Kayan da aka ba alama a ciki su ne kayan da ake gini da su a Ingila. Babu laifi a nan, kowa gidansa ya sani.

"Na wucin-gadi"

Wannan rubutu ya shigo mana ta hannun Ma'aikatar Ayyuka ta zamanin mulkin mallaka, bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Abin lura shi ne, Turawan farko a gidajen ƙasa suka zauna, maginan Hausa ne kuma suka gina musu. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano shaida ne, yana nan tsaye. Sun san sanyin soro a watan Afrilu, sun kuma san arharsa. Amma a littafin ofis an raba gine-gine gida-gida: na dindindin, da na tsaka-tsaki, da na wucin-gadi. A 1945 ma'aikatar ta buga wata takarda ta injiniya A. F. Daldy wadda ta yi bayanin tubali da azara da laso da makuba dalla-dalla, aiki mai kyau wanda masu bincike suke amfana da shi har yanzu. Sunan da aka ba takardar kuwa ya kira su gine-ginen wucin-gadi na Nijeriya ta Arewa. A wannan shekarar masallacin Babban Gwani ya haura shekara 100 a tsaye.

Ma'aikatan da ke zaune a nan sun fi ni sanin nauyin kalma a cikin fayil. Abin da aka rubuta wa "wucin-gadi" ba a yi masa fulan na dindindin, ba a tsayar masa da farashi a littafin ƙiyasi, banki ba ya ɗaukarsa da daraja. Tun da ba a zana shi, ba a nemi alamarsa ba. Tun da ba shi da alama, ɗalibin da ya shiga sashen zanen gine-gine, wanda ya koma Zariya a 1955 ya kuma zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba ya samunsa a jerin alamomin da yake haddacewa. Sa'an nan siminti ya matso kusa. Kamfanin Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 kuma ya bukaci dubban azuzuwa cikin gaggawa. Fulan guda aka zana a hedkwata aka rarraba, bangonsa cike da layuka a karkace. Duk wanda ya bi hanyar nan daga Aliero zuwa Jega ya miƙa Maiyama ya ga 'ya'yan wannan fulan: dogon ɗaki, bulo, kwano, tagogi a jere. Yaron da ya tashi a zauren ƙasa ya shiga ajin bulo ya koyi darasi tun kafin malam ya buɗe baki, cewa ilmi da hukuma a cikin siminti suke zaune.

Ba na cewa 'yan layukan nan su kaɗai suka kori ginin ƙasa. Ƙasa tana da nata aibin, kuma duk wanda ya ɓoye shi ba masoyinta ba ne. Tana son yaɓe kusan kowace shekara, gara tana cin azara, ruwa kuma idan ya kwanta a gindin bango sai ya ci shi ta ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Manomin albasa da ya sami kuɗi ya sayi bulo ba wauta ya yi ba, hutu ya saya. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan aibobi duka suna da magani a ilmin injiniya, amma ba a neman magani ga abin da ba a rubuta shi a takarda ba.

Abin da kwamfuta ta gada

Tsofaffin ma'aikatan ɗakin zane za su tuna wahalar ciko da hannu. Mutum ya duƙa a kan allo da alƙalamin Rotring da ma'aunin kusurwa, yana jan layi bayan layi, tazara ɗaya, wuni guda; tawada ta ɗiga sau ɗaya, sai reza. Daga baya aka sami takardun mannawa na kamfanin Letraset, a yanka a liƙa. Saboda haka da kwamfuta ta zo, ciko yana cikin ayyukan da aka fi murnar sauke mata. Ivan Sutherland ya nuna a Amurka a 1963 cewa ana iya zane a fuskar kwamfuta. Kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD a Disamba 1982. ArchiCAD ya taso daga ƙasar Hangari a cikin shekarun 1980. Revit ya fito a 2000, Autodesk ya saye shi a 2002. Waɗannan su ne manhajojin da ɗalibanmu da ofisoshinmu suka fi sani.

Ina roƙon ku ɗan haƙura da ni a nan, domin sai mun leƙa cikin tukunyar. A AutoCAD, zanen ciko yana ajiye ne a wani ɗan fayil na rubutu zalla mai suna acad.pat, wanda kowa yana iya buɗewa ya karanta. Kowane zane yana da suna, a ƙarƙashinsa kuma akwai lambobi. Mafi shahara, ANSI31, layi ɗaya ne tak: 45, 0,0, 0,.125. Ma'anarsa: ja layi a kusurwar digiri 45, fara daga wuri kaza, maimaita shi bayan kowane kashi ɗaya bisa takwas na inci. Shi ke nan. Mai zane ya ba da umurnin HATCH, ya nuna filin, ya zaɓi ma'auni da kusurwa, kwamfuta ta shimfiɗa layukan kamar tabarma marar iyaka, ta yanke duk abin da ya fita daga shinge. Tun daga fitowar 1992 ya isa mutum ya taɓa tsakiyar fili, ita ta nemo shingen da kanta. Daga ta 1994 kuma cikon yana bin shingen idan an matsar da shi.

Daga wannan gini nata matsaloli suke tasowa, waɗanda kowane ɗalibi ya sani. Shinge sai ya rufe ruf. Idan akwai 'yar kafa ko da ido ba ya ganinta, ciko ya ƙi shiga, ko ya malala ya cike ɗakin maƙwabci kamar ruwan da ya fasa kunya. Sa'an nan akwai rikicin awo. Fayil ɗin asali da inci aka rubuta shi, mu kuwa tun shekarun 1970 muka koma milimita. Wanda ya ɗauko zanen inci ya zuba a fulan na milimita zai ga bango ya yi baƙi ƙirin, domin layukan sun matsu fiye da kima har sau 25.4. Akwai ɗan'uwansa na milimita, acadiso.pat, amma sai wanda aka gaya wa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, mako guda ya isa a koye su.

Babbar maganar tana cikin jerin sunayen. Haruffan ANSI sunan hukumar ma'aunai ta Amurka ne. A jerin akwai alamar ƙarfe, da ta tagulla, da ta dalma, da ta rufin ɓarin katako irin na ƙasashen sanyi, da ta daɓen katako. Akwai zanen fuskar bulo mai suna AR-B816, watau bulo mai tsayin inci 8 da tsawon inci 16, wanda shi ne na Amurka. Bulon da ake bugawa a bakin titin Jega tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa 9, kaurinsa 9 ko 6. Ashe ko simintin da muka rungumar ma, hoton da muke sa masa na wani ne, kuma wanda ya ƙirga sahu a takarda ba zai sami adadin da birkila zai jera ba. To ina ƙasa? Tana nan, sunanta EARTH, amma bayanin da ke gabanta ya ce ƙasar da ke ƙarƙashi, watau wadda ake haƙawa a zuba harsashi. Akwai CLAY, akwai MUDST, na yumɓu da na laka da yashi, su ma alamun abin da ke cikin ƙasa ne, ba na bangon da aka ɗaga ba. A wannan rubutu ƙasa abin takawa ce, ba abin ɗagawa ba.

Ku ɗauka wata ɗaliba ta tsara ɗakin shan magani na ƙauye a ƙasar Maiyama, ta ga cewa bangon ƙasa mai kauri ya fi dacewa da wurin da zafi yake haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Hujjarta mai ƙarfi ce, domin bango mai kauri yana shanye zafin rana ya riƙe shi sa'o'i kafin ya sake shi, bulo mai rami da kwano kuwa nan take suke miƙa shi ciki. Da me za ta cike bangonta? In ta sa EARTH, jami'in da ke duba fulan zai karanta cewa cikon rami ne ya hau sama. In ta sa ANSI31, ɗan kwangila zai karanta bulo, ya aika a sayo. In ta bar shi fari ta rubuta bayani a gefe, sai a ce zanen bai kammala ba. Kowace ƙofa ta bi, bulo ne a bakinta.

A sababbin manhajoji irin su Revit da ArchiCAD al'amarin ya ƙara nauyi. A can ba layi ake zanawa ba, bango ake ɗorawa, kuma bangon yana ɗauke da sunan kayansa. Kayan ne yake zuwa da alamarsa ta yanka da ta fuska, daga gare shi ne kuma manhaja take fitar da lissafin yawan abin da za a saya. Alama da kuɗi sun zama tagwaye. Abin da babu shi a rumbun kayan manhaja ba zai fito a takardar ƙiyasi ba, abin da bai fito a ƙiyasi ba kuwa babu akantan da zai biya shi. Daɗin daɗawa, bangon manhaja miƙaƙƙe ne, alhali bangon tubali mai gindi ne, yana farawa da kaurin kamu guda ko fiye, yana sirancewa yana hawa, kusurwoyinsa a dunƙule. Ana iya zana shi, amma sai an yi kokawa, wanda aka ba kwana uku ya miƙa fulan kuwa ba ya neman kokawa.

Baƙaƙe masu ƙugiya

Mu masu nazarin Hausa mun taɓa ganin irin wannan. Da aka fara rubuta harshenmu da boko, babu baƙin da zai raba "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata". An yi ta fama da ɗigo da waƙafi, har a shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya. Ko bayan nan keken rubutu da maɗaba'u da yawa sun daɗe ba su da su. Ba wanda ya ce a jefar da boko, ba kuma wanda ya ce a daina furta ƙ. Zama aka yi aka ƙirƙiro baƙin, aka amince da shi, aka koyar, aka matsa wa masu injuna har suka saka shi.

Wasu sun riga mu yin wannan zama a kan ƙasa. Ƙasar Niyuzilan ta fitar da ƙa'idojin ginin ƙasa a 1998, Jamus ta tsayar da ma'aunin bulon ƙasa a 2013. Kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, Falke Barmu ya fara masallacin Yama da ƙasa a 1962, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da bulon ƙasa na inji a 2018, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Francis Kéré ya gina makarantar ƙasa a 2001 a Gando ta Burkina Faso, ba Gwandu tamu ba, a 2022 kuma ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan sana'a. A gida, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kan bulon ƙasa da injin matsa shi. Awon gine-ginenmu ma yana nan: Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana aunawa yana zanawa, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990, na farko a kan Arewa. Hamman Tukur Saad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan yadda maginan Hausa suke auna kyau. Kayan miya sun haɗu, mai girki ake jira.

A ganina aikin bai fi ƙarfin wannan jami'a ba, wadda aka kafa a 2006 domin kimiyya da fasaha, in ta haɗa kai da Ma'aikatar Ayyuka da sarakunan magina. Alama ɗaya ba za ta isa ba, domin ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Bangon tubali daban, bulon ƙasa na inji daban, ginin rumbu da ake ɗorawa da hannu sahu-sahu shi ma daban. A fuska, makuba ba laso ba ce: waccan daga ɓawon ɗorawa take, wannan kuwa daga katsin marina da gashin jima da dafara. Rufin azara yana da hawa-hawa, azara da zana da ƙasa, kowanne yana son a gan shi a zanen yanka. Fayil ɗin AutoCAD miƙaƙƙen layi kaɗai ya sani, tubali kuwa mai ciki ne da tsini, amma ana iya kwaikwayon lanƙwasa da gajerun layuka masu yawa, ArchiCAD ma yana karɓar zane mai baka kai tsaye. Sunayen kuma a bar su da Hausa. In ɗalibin Aliero ya iya haddace AR-B816, ɗalibin wata ƙasa zai iya haddace TUBALI.

Sai dai alama ba ta da amfani in babu magana a bayanta. Layukan kankare suna da ƙarfi ne domin kowa ya san ma'auninsa: siminti kaza, yashi kaza, tsakuwa kaza. Haka alamar tubali take bukatar shafi guda da zai ce daga ina za a ɗebo ƙasar, domin laka ta fadamar Jega tsagewa take yi in ta bushe, ba kamar jan birjin tudu ba. Nawa ne kaurin gindi. Harsashin dutse ko na kankare zai ɗaga bango sama da inda ruwa yake kwanciya da nawa. Ina indararo zai zubar. Nawa ne kuɗin yaɓen shekara, kuma daga wane kan kasafi zai fito. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wuya, domin tsarinmu ya fi son sabon gini da gyaran tsoho, kuma ku ma'aikata ku ne masu alƙalamin.

Akwai kuma wani tarko da nake so ɗalibai su kiyaya, domin na ga ya fara yawa. Da zarar an ce a sa wa gini kamannin gida, sai a ɗauko dagi, a mayar da shi zanen ciko, a shimfiɗa shi a fuskar bangon siminti daga kusurwa zuwa kusurwa kamar atamfa. Wannan ba zanen Hausa ba ne. Ciko na kwamfuta daga maimaitawa yake farawa, shinge ya zo ya datse shi ko'ina ya ga dama, sai ka ga rabin dagi a bakin taga. Mai zanen Zariya kuwa daga ƙofa yake farawa. Yakan kewaye ta, ya ba zanen girma inda ido zai fara sauka, ya matse shi inda fili ya ƙure, in mai gida ya sayi keke ko mota ya sa masa ita a ciki, kamar yadda A. H. M. Kirk-Greene ya nuna a ɗan littafinsa na 1963 a kan gidajen Zariya masu ado. Ba a samun fuska biyu iri ɗaya. Irin wannan zane wurinsa a fulan shi ne a shata masa fili, a rubuta cewa aikin gwani ne, a ware masa kuɗinsa a takardar ƙiyasi, a bar wa mai hannu sauran.

Shugaban taro, a nan zan dakata, in bar fili ga masu tambaya da kuma magina da ke cikinmu.